Ɗumama Benci Ba Shi Ne Karatu Ba

A Amurka akwai wata jarrabawa da ake ce wa CLEP. Mutum zai biya abin da bai kai dala 100 ba (dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba, wato wajen jika 60 gwargwadon canjin ranar), ya zauna gaban kwamfuta na tsawon minti 90, ya amsa tambayoyi a kan darasi guda, a ce tarihin Amurka, ko aljebra, ko ilimin halayyar ɗan Adam, ko Faransanci. Makin yana tashi daga 20 zuwa 80. In ya kai 50, akwai jami'o'i da kwalejoji kusan 2,900 a ƙasar da ke da tsarin yafe masa wannan darasi, su rubuta masa shi a takardarsa daidai da wanda ya yi wata huɗu yana sammakon zuwa aji. Ba wanda zai tambaye shi inda ya koya. Ko a ɗakin karatu na unguwa ne, ko a barikin soja, ko a cikin tasi yana jiran fasinja, wannan ruwansa. Hukumar College Board, wadda ke shirya jarrabawar shiga jami'a ta SAT, ita ke gudanar da ita tun 1967, kuma yau darussa 34 ake iya ci ta wannan hanya.

Da na kawo wannan batu a shirin ilimi da nake gabatarwa a tasharmu, manoma da 'yan kasuwa da suka bugo waya tambaya kawai suka yi: nawa ne, a ina ake yi, ɗana da ke New York zai iya? Waɗanda suka tashi da faɗa masu manyan takardu ne. Wani ya ce ƙofar baya ce. Wani ya ce ai Kwatano ce ta Turawa. Na uku, wanda daga jin muryarsa ka san ya saba a yi shiru in yana magana, ya ce duk wanda bai sha wahalar jami'a ba bai cancanci riƙe kwalinta ba. Rediyo ba ta ba mutum damar doguwar jayayya, talla na jira, labarai na jira, shi ya sa na ɗauko alƙalami. Matsayina ba ɓoyayye ba ne: wanda ya san abu, aka jarraba shi da gaske ya ci, haƙƙinsa ne a rubuta masa cewa ya sani. Mai cewa sai ya koma ya zauna a benci na wata huɗu kafin a yarda, benci yake karewa, ba ilimi ba.

Bari mu fara da ma'aunin da kansa, domin yawancin masu rantsuwa da shi ba su taɓa tambayar asalinsa ba. Jami'o'in Amurka suna auna karatu da wani abu da suke kira kiredit. Ɗauke shi kamar tiya a kasuwar hatsi. Darasi guda na zango ɗaya yawanci tiya 3 ne, digirin farko kuma tiya 120, wanda aka saba tarawa cikin shekara huɗu. To, mene ne a cikin tiyar? Awa ɗaya a aji kowane mako, da wajen awa biyu na bita a gida, na tsawon kamar mako 15. Ka lura da kyau, mai karatu: babu inda aka ce abin da ɗalibi ya gane. Lokaci aka auna. Ɗalibin da ya fita da hasken kai da wanda ya tsallake da ƙyar bayan ya kwashe zangon yana gyangyaɗi a layin baya, tiya 3 kowannensu zai kai gida.

Daga ina aka samo wannan tiya? Daga lissafin fansho. A 1905 attajirin ƙarafa Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 10 don a riƙa biyan malaman jami'a kuɗin ritaya. Gidauniyar da aka kafa don raba kuɗin sai ta ga dole ta bambance wace makaranta ce jami'a ta gaske, wace ce sakandare mai babban suna, sai ta tsayar da ma'auni: darasi guda a sakandare shi ne awa 120 na zaman aji a shekara, kuma jami'ar da ke son malamanta su ci fansho sai ta riƙa ɗaukar ɗalibai da wannan awo. Wace jami'a za ta ƙi? Daga nan ƙidayar awoyi ta bazu, ta shiga cikin jami'o'in kansu, ta zama kamar saukakkiya daga sama. Ma'auni ne na akawu, ya yi amfani wajen tsara albashi da jadawalin azuzuwa, ban musa ba. Amma ita kanta gidauniyar Carnegie a 2023 ta sanar da haɗin gwiwa da hukumar jarrabawa ta ETS don neman ma'aunin da zai dogara ga abin da ɗalibi ya iya, maimakon awoyin da ya zauna. Mai tiya ya ce tiyarsa ba ta auna abin da ake zaton tana aunawa, 'yan kallo kuma sun ce atabau daidai take.

Wannan hanya ta jarrabawa kuwa ba jiya aka ƙirƙiro ta ba, kuma ba 'yan damfarar intanet suka kawo ta ba. Yaƙi ne ya haife ta. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta kwashi miliyoyin samari, da yawansu ba su gama sakandare ba, ta koya musu gyaran jirgin sama da aikin jinya da sadarwa da harsuna. Da za su dawo gida tambaya ta taso: mutumin da ya yi shekara uku yana ɗinke raunuka a fagen daga, za a ce ya koma aji ya koyi yadda ake naɗa bandeji? A 1942 aka fito da jarrabawar GED don soja ya samu daidai da takardar gama sakandare. Majalisar ilimi ta ƙasar, wadda ake taƙaita sunanta da ACE, ta ɗauki aikin duba horon soja tana faɗa wa jami'o'i kiredit nawa ya kamata a ba shi, kuma har gobe ita ke yin wannan aiki ga kwasa-kwasan da ba na jami'a ba. Jarrabawar DSST, ƙanwar CLEP, don sojoji aka fara ta kafin a buɗe wa farar hula. Daga baya jihohi suka kafa makarantu musamman domin manya masu aiki: wadda yau ake kira Excelsior a New York a 1971, Thomas Edison a New Jersey a 1972, Charter Oak a Connecticut a 1973. Waɗannan suna karɓar kaso mafi yawa na digiri daga abin da mutum ya taro a wasu wurare, wani lokaci sama da tiya 100 cikin 120, sannan ya kammala sauran a hannunsu. A 1997 gwamnonin jihohi 19 suka kafa jami'ar Western Governors, inda ake biyan kuɗi ɗaya na wata shida, ka ci darussa iya ƙarfinka, duk wanda ka nuna ka iya ka wuce shi. Shin gwamnoni 19 ne suka haɗu suka buɗe ƙofar baya?

Abin da intanet ta ƙara shi ne sauƙin isa. Akwai gidauniyar Modern States da ke koyar da darussan CLEP kyauta, wanda ya gama kuma ta biya masa kuɗin jarrabawar. Akwai Saylor Academy mai kwasa-kwasai kyauta. Akwai kamfanoni irin su Sophia da Study.com da StraighterLine, da ake biya wata-wata, waɗanda ACE ta duba darussansu. Ma'aikaci mai iyali zai tashi bayan sallar isha'i ya yi awa biyu, ya tara tiya uku nan, shida can, ya kwashe su ya kai jami'ar da ta yarda da su. A ƙasar da bashin karatu ya haura dala tiriliyan 1.6 a kan mutane sama da miliyan 40, kuma akwai wasu sama da miliyan 36 da suka taɓa shiga jami'a suka fita ba kwali, wannan ba wasan yara ba ne. Bambanci ne tsakanin gama digiri da mutuwa da bashin rabin digiri.

Yanzu mu zo ga maganar Kwatano, tunda ita ce sandar da aka fi ɗagawa. A ƙarshen Disamba 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya biya kuɗi ya samu digirin aikin jarida daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida. Bai shiga aji ba, bai zauna jarrabawa ba, bai ma tsallaka iyaka ba, kuma da wannan kwali ya shiga bautar ƙasa. A farkon Janairu 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo. Abin kunya ne, kuma ya shafa wa ɗaliban kirki da suka yi karatun gaske a can kashin kaji. Amma mutane sun ɗauki darasin a baibai. Kowa ya kama "mako shida" yana salati, kamar gajartar lokacin ce laifin. Ina tambaya: da dillalin ya karɓi kuɗin ya ce masa ya je ya dawo bayan shekara huɗu, sannan ya miƙa masa takardar ba tare da ya buɗe littafi ba, da ta zama ta gaske? Abin da babu a cinikin Kwatano shi ne jarrabawa. Abin da CLEP ta ƙunsa kuwa jarrabawar ce kaɗai, a ɗaki mai tsaro, da katin shaida, da tambayoyin da malaman jami'a suka tsara, kuma ana faɗuwa. Wanda ya faɗi sai ya jira wata uku kafin ya sake. A Kwatano ba a faɗuwa, sai dai in kuɗinka bai cika ba. Wanda ya haɗa waɗannan biyu a kwando ɗaya, ko dai bai duba ba, ko kuma haɗawar tana yi masa amfani.

Shi kuwa mai cewa sai an sha wahala, na fahimce shi, tausayinsa ma nake ji. Mun san abin da ɗalibi ke gani a jami'o'inmu na wannan yanki: sammakon asuba don kama wurin zama a babban ɗakin lacca, wanda ya makara ya saurara ta taga, yajin aiki, shekarar karatu ta hau kan shekarar karatu, lisans na shekara uku ya ci biyar, kuɗin tallafi ya yi wata da watanni bai fito ba. Wanda ya ratsa wannan ya fito da kwali jarumi ne. Amma wahalar ba ta cikin manhaja. Babu wanda ya ƙara sanin ƙa'idar tattalin arziki don ya tsaya a rana yana jiran malamin da bai zo ba. Abin da wannan mai magana ke cewa a zahiri shi ne: ni an dafa ni, don haka kowa sai an dafa shi. Irin tunanin tsohon kurtu ne da ke jiran sababbi su zo ya rama.

Akwai hujja mai nauyi fiye da waɗannan, kuma ita ce ta cancanci amsa ta natsuwa. Jami'a ba tarin amsoshi ba ce kawai. Akwai abin da mutum ke samu daga jayayya da abokan karatu, daga malamin da ya ja jan biro a kan rubutunsa ya ce wannan hujjar ba ta tsaya ba, daga ɗakin gwaje-gwaje, daga zama da wanda ba ƙabilarku ɗaya ba. Tambayoyin zaɓi ɗaya cikin biyar ba za su auna wannan ba. Gaskiya ne. Yaro ɗan shekara 18 da iyayensa ke da hali, ni ma cewa zan yi ya tafi ya zauna a jami'a. Kuma ba mai hankalin da ke son likitan da bai taɓa riƙe majiyyaci ba. Sai dai babu wanda ke zama likita ta CLEP. Darussanta na matakin farko ne, irin waɗanda ake yi a shekara ta ɗaya da ta biyu, waɗanda a manyan jami'o'i ake tara ɗaruruwan ɗalibai a ɗaki ɗaya ana karanta musu, malamin bai san sunan ko goma daga cikinsu ba, a ƙarshe kuma a auna su da irin waɗannan tambayoyi na zaɓi. Wace jayayya ta ilimi ake yi a ɗaki mai mutum ɗari biyar? Sannan wanda ke bin wannan hanya yawanci ba ɗan 18 ba ne. Mace ce 'yar shekara 38 mai 'ya'ya uku da aikin dare a asibiti, wadda zaɓinta ba tsakanin jami'a mai lambu da jarrabawar kwamfuta yake ba. Ko dai wannan hanya, ko babu. Wani bincike da ƙungiyoyin CAEL da WICHE suka fitar a 2020, kan manyan ɗalibai sama da 230,000 a makarantu 72, ya nuna kashi 49 cikin ɗari na waɗanda aka ba kiredit don abin da suka riga suka sani sun kammala karatunsu, yayin da kashi 27 kaɗai suka kammala cikin waɗanda ba a ba ba. Wani zai ce ai dama masu himma ne ke neman irin wannan kiredit. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma ko da rabin tazarar ce ta rage, ai ba ƙaramin abu ba ne.

Inda zan juya sandata kuwa shi ne kan wasu daga cikin masu sayar da kwasa-kwasan nan, don kada a ce na zo talla. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai kwas ɗin da jarrabawarsa ba mai sa ido, littafi a buɗe, waya a hannu, kuma a wannan zamani na ƙirƙirarriyar basira da ke amsa tambaya kafin ka gama karanta ta. Za ka ga mutum yana alfahari ya gama darasin zango guda tsakanin Juma'a da Lahadi, a fannin da bai taɓa jin sunansa ba kafin ranar Alhamis. Wannan bai san komai ba, ya dai iya danna maɓalli. Tsarin biyan kuɗi wata-wata ma da kansa yana ingiza mutum ya yi gudu, tunda kowane wata da ya ƙara kuɗi ne. Duk hujjata ta tsaya ne a kan ƙafa ɗaya, cewa jarrabawar ta gaske ce. In aka cire mai sa ido, aka cire yiwuwar faɗuwa, to an kama hanyar Kwatano ko da a California ofishin yake. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma waɗannan su ne za su ja wa sojan da ya yi karatun gaske a raina takardarsa. Maganin abin shi ne a tsananta jarrabawa. Komawa ƙidayar awoyi ba zai magance komai ba, domin ɗalibin da ke zaune a aji ma da wannan na'ura yake rubuta aikin gidansa, benci bai hana shi ba.

Akwai kuma dalilin da ba a faɗa a fili. Duk darasin da jami'a ta yafe wa ɗalibi, kuɗin darasin ne ta rasa. Shi ya sa kowace jami'a a Amurka ke da ikon cewa ta karɓa ko ba ta karɓa ba, shawarar ACE ba ta ɗaure kowa. Ba kiredit na jarrabawa kaɗai ake yi wa haka ba, har wanda aka samu a aji na wata jami'a. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya ƙiyasta a rahotonsa na 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kusan kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Waɗannan fa sun zauna a bencin, sun cika awoyin, sun biya. Me ya hana a karɓa, in da gaske awoyi ake girmamawa? Ashe ba zaman benci ake nema ba ma, zaman bencinmu ake nema, wanda mu muka karɓi kuɗinsa. Jami'a irin Harvard ba ta karɓar CLEP, kuma ban damu ba, domin ita abin da take sayarwa daban ne, suna ne da abokan zama. Wadda ke ba ni haushi ita ce matsakaiciyar makarantar da ke koyar da aljebra daga littafin da kowa ke amfani da shi, sannan ta ce aljebrarta ta fi ta kowa.

Abin mamaki, mu 'yan Afirka ta Yamma ne ya kamata mu fi kowa gane wannan, domin iyayen bokonmu da yawa ta nan suka bi. Tun 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga wanda bai taɓa taka harabarta ba. Alvan Ikoku, wanda duk ɗan kasuwar Maraɗi ko Birnin Ƙonni ya san fuskarsa a takardar naira goma, ta haka ya samu digirin falsafa a 1928 yana koyarwa a gida. Obafemi Awolowo ta haka ya samu digirin kasuwanci. Nelson Mandela a kurkuku ya yi ta karatun lauya ta wasiƙa, har ya samu digirinsa daga jami'ar UNISA a 1989 yana tsare. Wa zai tashi ya ce waɗannan ta ƙofar baya suka shiga? Mu nan ma kowace shekara akwai masu zama jarrabawar bak a matsayin 'yan takara masu zaman kansu, ba su da aji, ba su da lise, kuma wanda ya ci bak ɗinsa bak ne, babu tambarin da ake buga masa na cewa bai ɗumama benci ba. Mun yarda da ƙa'idar a ƙofar jami'a, muna shiga ciki sai mu ce haramun ce.

Kafin boko ma haka karatunmu yake. A makarantar zaure ba a cewa wane ya yi shekara huɗu, cewa ake ya sauke Ahalari, ya sauke Ishmawi, ya sauke Risala, yana cikin Muhtasar. Wani zai ci littafi a wata uku, wani a shekara biyu, malam ba ya duba kalanda, bakin ɗalibi yake saurare. In ɗalibi ya tashi daga Damagaram ya tafi Kano ko Katsina, sabon malami zai ce ya karanta a ji, in ya ga ya iya sai su ɗora daga inda ya tsaya. Shehu Usmanu ya je har Agadas wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ƙanensa Abdullahi, da ya tashi rubuta tarihin karatunsa a Ida'un Nusukh, malamai ya lissafa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu, bai ƙirga awoyi ba. Ijaza shaida ce ta malami cewa wane ya iya kaza. Wannan ya fi kusa da abin da nake karewa fiye da tiyar Carnegie.

Faransa ma, wadda muka kwafo tsarin jami'armu daga wurinta, tun Janairu 2002 ta yi dokar da ake kira VAE: ma'aikaci ya tattara shaidar abin da ya koya a bakin aiki, ya tsaya gaban kwamitin malamai da ƙwararru, su yi masa tambayoyi, su ba shi takardar gaba ɗaya, ko wani ɓangare, ko su hana. Mu kuma ƙasashen UEMOA mun rungumi tsarin lisans da masta da dakta tun umarnin 2007, lisans kiredit 180, kuma a takarda an ce kiredit abu ne da ake tarawa a kuma ɗauka a kai wata makaranta. Kalmomin mun kwafo su tsaf. Ga yadda abin yake a ƙasa. Ina da difloma ta aikin jarida, na haura shekara goma a gaban makirfo, na gabatar da labarai, na yi hira da ministoci da masu tallan goro, na tace sauti da hannuna a daren zaɓe. Na je wata makaranta ina neman ɗora karatu zuwa lisans. Jami'in ya juya takarduna, cikin ladabi ƙwarai, ya ce, "Malam, diflomarka ba ta cikin jerin da muke karɓa, sai dai ka fara daga shekarar farko." Na duba jadawalin shekarar farko, sai ga darasin gabatarwa ga aikin rediyo. Ɗaliban wannan makaranta duk hutun damina ana turo su tasharmu neman sanin makamar aiki, ni nake nuna musu yadda ake numfashi a tsakiyar jimla, ni nake sa hannu a takardar da ke cewa sun koya. Sa hannuna yana da daraja a kan takardar ɗalibinsu, amma ba shi da daraja a kan tawa. Ban roƙi a ba ni komai kyauta ba. Cewa na yi a jarraba ni. Aka ce babu tsarin yin haka.

Ga 'yan uwanmu da ke Amurka, a Bronx ko Greensboro, masu tuƙi da masu gadi da masu aikin kula da tsofaffi, wannan ƙofa a buɗe take, kuma da yawa ba su san da ita ba. Yaron da ya tafi da bak daga Yamai ko Zinder, Faransancin da ke bakinsa kaɗai zai iya ba shi kiredit 6 a zama ɗaya na CLEP, in makinsa ya yi sama ya samu fiye da haka. Amma a bi a hankali. A fara zaɓen jami'ar da ake son kammalawa a cikinta, a tabbatar hukumar tantancewa da gwamnatin ƙasar ta sani ce ta amince da ita, a nemi jerin abin da take karɓa da makin da take so a rubuce, sannan a kashe ko sisi. Wanda ya tara tiya 60 kafin ya tambaya, zai iya tarar da rabi ba su da masauki. Wanda ke nan gida kuma ya sani cewa zama CLEP daga ɗaki ta kyamara an keɓe shi ga wanda ke cikin Amurka da sojojinta, kuma digirin da aka samu a can sai hukumomin nan sun tantance shi kafin ya yi amfani a aikin gwamnati. Duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi zai zauna maka, ko ya ce yana da hanya, ɗan Kwatano ne ya sake riga.

Abin da nake nema daga ma'aikatun ilimi mai zurfi na ƙasashenmu, da majalisar CAMES da ke Wagadugu wadda ke duba daidaiton takardunmu, ba ya buƙatar gina ko aji ɗaya. A ɗauki darussan shekarar farko da ta biyu, a wallafa manhajar kowanne a fili da littattafan da za a karanta. A sa ranar jarrabawa sau biyu a shekara a manyan garuruwa, da kuɗin rajista da malamin kwantaragi zai iya biya daga albashinsa. Masu tsara tambayoyi da masu gyara su fito daga wata jami'a dabam, takardu ba suna sai lamba, kamar yadda ake yi a bak. Darasin da ke buƙatar hannu, irin namu na rediyo ko na jinya, a tsayar da mutum gaban kwamiti ya yi a gani. A tsananta, a kayar da duk wanda bai iya ba, a kuma buga adadin waɗanda suka faɗi kowace shekara don kowa ya san ba rabon goro ake ba. Wanda ya ci a rubuta masa kiredit ɗinsa, kuma kowace jami'ar gwamnati ta zama dole ta karɓa. Malaman firamare da suka yi shekara goma sha biyar da alli a hannu, da ma'aikatan jinya na ƙauye, da akawun da ke riƙe da littafin kuɗin magajin gari, su ne za su cika layin. Ni ma ranar da aka buɗe rajista da ni za a yi sammako, kuma darasin da zan fara nema shi ne gabatarwa ga aikin rediyo.